Takalmin Yaya Ashiru a Akwatin Inna

Litinin, 6 ga Oktoba

Takalmin ya iso. Kocin su Yaya Ashiru ne ya aiko da shi daga Kano, abokin gudunsa Sada ya kawo. Ni na karɓa a zaure, kuma ban ɗaga kai ba, ƙafafun Sada kawai na gani.

Ban taɓa ganin irinsa ba. Ƙasansa fari ne mai kauri kamar an yanko katifa, amma da na ɗaga sai na ji ba nauyi ko kaɗan. Na danna da babban yatsa, ya loɓa, ya dawo a hankali. Na sake dannawa. Me suke zubawa a ciki? Yaya ya ce soso ne na musamman, yana shanye dukan kwalta don kada gwiwa ta gaji a gudu mai nisa. To ina dukan yake tafiya idan an shanye shi?

A duk littattafan soyayyar da ƙawata Mansura ke ara mini babu saurayin da ke gudu. Daga mota suke fitowa, ƙamshinsu ya riga su.

Laraba, 8 ga Oktoba

Inna ta naɗe takalmin a sabon zane ta kulle a akwatinta na ƙarfe, tare da kayan sallarmu. Ta ce sai ranar gasar gudu. Wai ba za a ga ɗanta cikin mutanen Dutse da takalmin da ya sha ƙasa ba. "Ɗanta" ni na rubuta, ita "wancan" ta ce. Yaya ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta ma kallonsa in tana magana. Shi ma bai taɓa mayar mata da magana ba. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce "To, Inna," ya ɗauki tsohon takalminsa na roba na kiwo ya fita.

Asabar, 11 ga Oktoba

Gasar ranar 25 ce, a kan titin Gwaram, a je a juyo a ƙare a nan Birnin Kudu. Waɗanda suka fara isowa za a ɗauke su zuwa Dutse, a ci gaba da horar da su. Baba ya faɗa a gabana: in ba a ɗauki Yaya ba, zai koma Dingaya wajen shanun Baffa, kuma an rufe zancen gudu. Yaya ba ya ƙin shanu. Amma na ga fuskarsa.

Talata, 14 ga Oktoba

Wayyo ni Ummu.

Bayan la'asar aka yi sallama, aka ce wai ina Ummussalma. NI. Sada ne. Sai da na sauya hijabi sau biyu. Na ce yau ga abin da nake karantawa ya zo har zaurenmu. Ya gaishe ni, ya ce akwai maganar da ya daɗe yana son yi mini.

Maganar bororo ce. Bororon ƙafa.

Ya ce, "Ƙanwata, takalmin nan ba shaddar sallah ba ce. In ya fara sa shi ranar gasa, kafin a juyo dunduniyarsa ta saɓule." Wai dole ƙafa ta saba da takalmin, shi ma ya saba da ita. Wai tsayin soson yana sauya yadda mutum ke taka ƙasa, har sha-raɓa ta yi tsami. Koci ya yi ta faɗa, Yaya ya ce masa yana sawa. Ba zai iya cewa Inna ta kulle ba.

"Ke ce kawai za ki iya yi mata magana."

Ni da ko a aji aka kira sunana sai gumi ya karyo mini. Na ce "to." Ita kaɗai na iya faɗa.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ban faɗa ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na buɗe baki, sai na ce ko in ɗora sanwa. Mansura ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Jarumar littafi, an zo zance an kawo miki ƙafa!" Ba zan ƙara ba ta labari ba. (Zan ba ta.)

Juma'a, 17 ga Oktoba

Inna ta ba ni makullin akwatin in ɗauko mata turare. Takalmin yana nan a naɗe. Na ce bari in gani ko gaskiya Sada ya faɗa, na zura ƙafa. Ya yi mini yawa, amma duk da haka! Kamar na hau wani abu mai rai. Ƙasa ta yi nisa. Na taka, sai ya turo ni gaba tun ban shirya ba, saura kaɗan in faɗa kan kwanukan Inna. Ashe ba laushi kaɗai ba ne, yana da ra'ayinsa. Wanda ya saba jin kowace tsakuwa a tafin ƙafarsa, ya zai yi da wannan rana ɗaya?

Na mayar, na naɗe yadda na same shi.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na yi.

Tana tankaɗe na durƙusa. Duk jawabin da na shirya ya gudu. Abin da ya fito shi ne, "Inna, don Allah ki sa ƙafarki a ciki." Ta dube ni kamar na yi wani yare. Ta ce, "Ke, lafiyarki?" Na ce ki sa dai. Na kuma maimaita.

Ta sa! Da zanenta da komai. Ta miƙe, ta nufi randa, taku kaɗan ta dafe bango tana salati. "Wannan abu ai tafiya yake da mutum!" Na danne dariya har hawaye. Sai na samu baki, na faɗa mata duk abin da Sada ya ce, bororon da tsamin da komai.

Ta zauna ta daɗe tana jujjuya shi a hannu. Ta ce ko bijiman huɗarmu sai da Baffa ya yi makonni yana zagayawa da su kafin su shiga gona. Sannan ta ce, "Shi wancan ba shi da baki ne?" Ita ma ta san amsar.

Ba ta miƙa masa ba. A ƙofar ɗakinsa ta ajiye, ta koma tankaɗenta.

Litinin, 20 ga Oktoba

Yaya ya fita da takalmin, ya dawo yana ɗingishi. Bororo a dunduniyar hagu, ya fashe. Inna ba ta ci tuwon kirki ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na zama 'yar aike. "Kai wa wancan man kaɗanya." "Tambayi wancan ko da sauƙi." Alhali yana zaune a tsakar gida yana jin ta. Sada ya kawo filasta da safa mai kauri, ya nuna masa yadda zai ɗaure igiyar ta riƙe idon sawu. Ya ce lokacin ya yi kaɗan, amma gara bororon ya fashe yanzu da ya fashe a titi.

Na lura sawun takalmin a ƙasa kamar zanen kaba yake. Na bi shi har bakin layi kafin in tuna ruwa aka aike ni.

Asabar, 25 ga Oktoba

An ɗauke shi. Shi ne na ƙarshe a cikin waɗanda aka ɗauka, wani dogo yana bayansa kamar zai taɓa rigarsa. Da ya cire takalmin, safar ta jiƙe da jini ta baya, shi kuwa yana ta dariya. Baba ya ce "Madalla," ya gyara hula. Inna da na kai mata labari ta ce "To," ta shige ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Na gaji. Gobe.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Mansura tana ta yaɗawa wai lokacin da dogon nan ya matso, wata ta kutsa gaban mutane tana ihu "Yaya Ashiru, taka! Taka!" har maza suna waigowa, har Sada ya ji daga inda yake haki. Wai har da bin gefen titi da gudu, hijabi yana tashi. Mansura akwai ƙari a magana. Sauri na ɗan yi don in gani sosai.

Muryata dai ta dishe. Na ce wa Inna mura ce.