Jan Kifin Dutsen Kurose

Nagasaki, Afrilu 1974

Zuwa ga Yaya Tokie,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, da fatan sanyin tsibiri ya fara sauƙi. Na samu labari cewa jan kifin nan, onikasago, ya soke ki, har likita ya cire miki ɗan yatsa. Hankalina ya tashi ƙwarai. Yaya, kin haura sittin, tun rasuwar mijinki ke kaɗai kike fita teku. Wannan kifi mai dafi bai kai ki rasa hannu a kansa ba.

Kamfanin da nake wa aiki yana neman izinin jan taru a Dutsen Kurose na ƙarƙashin teku. An ce duk ƙungiyar masunta sun sassauto, ke ce kika tsaya. Ki amince, ki dawo wajenmu ki huta. Ɗaki na nan.

Ƙanenki mai biyayya,
Kuniharu

*

Fukue

Auta,

Muna lafiya, a gaida matarka. Yatsa ɗaya ne, saura tara, kuma laifina ne. Na yi garajen cire ƙugiya kafin in datse ƙayoyin bayansa da almakashi. Na tsoma hannun a ruwan zafi, zafin ya lafa, daga baya wurin ya ruɓe. Kifin kuwa na yi miyar miso da shi, na shanye.

Kai da ka bar gida da wuri, bari in tuna maka. Wannan kifi yana can ƙasa, zurfin gaba ɗari, inda hasken rana ba ya kaiwa sosai. Yana lafe a jikin dutse yana jiran jatan lande, ba ya yawo. Girmansa a hankali ne, wanda ya kai kamu ɗaya zai yi sa'ar ɗiyarka ta makaranta. Mu da ƙugiya muke ɗaukar manya, mu mayar da ƙanana, su nutse da ransu. Tarunku zai kankare dutsen ne har murjanin da suke ɓuya a ciki.

A taron ƙungiya shugaba Genzo ya ce mini, "Tokie, ki rufa mana asiri, zamani ya canza." Na ce, "Genzo, kai ka canza. Da wane kifi ka aurar da 'ya'yanka?" Aka yi dariya, ya zauna.

Ɗakinka ka zuba shinkafa a ciki.

Hannun nan ya hana ni cewa komai kuma.
Yayarka,
Tokie

*

Nagasaki

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ba zan ɓoye miki ba, ni aka ɗora wa wannan aiki saboda an san ɗan Fukue ne ni. Ƙungiya ta sa hannu ranar da kika je asibiti wankin ciwo. Jirgin kamfanin zai zo farkon wata. Don girman iyayenmu, kada ki fita ranar. Jirgin ƙarfe ne, ba ya tsayawa nan take.

Naki,
Kuniharu

*

Fukue

Auta,

Gaisuwa. Na gan ka a saman jirginku, da farar riga, kana riƙe da ƙarfe kamar mai jin amai.

Ka ga dai inda na jefa anga, tsakiyar Kurose. Ban gayyaci kowa ba. Fujino matar Genzo ce ta tarar da ni cikin kwalekwalena a bakin ruwa ta ce, "Ke tsohuwar nan, ke kaɗai za ki je ki mutu ki bar mu da kunya? Matsa." Sauran kwalekwalen da ka gani, ita suka biyo.

Da direbanku ya danna ƙaho ya nufo mu, ban ɗaga anga ba. Na ci gaba da sakin igiya. Sai na hango wani mai farar riga ya ruga ɗakin tuƙi, jirgi ya karkace, igiyar ruwansa ta kusa kifar da mu. Fujino ta rantse kai ne. Na ce ƙanena ko kyankyaso ba ya iya tunkara.

Kai ne?

In sun dawo za su same ni a wurin.

Yayarka,
Tokie

*

Nagasaki

Yaya,

Ina gaisuwa. Ni ne. Sun sallame ni jiya.

Za su dawo ranar Litinin da wani direban. Har yanzu ina ganin ba za ki yi nasara ba. Zan iso da jirgin Asabar, ki ce wa Fujino ta matsa.

Kuniharu