Karan Awon Baba

Kankiya,
Nuwamba, 1954.

Zuwa ga ƙanena Dawuda, malamin jirgin ƙasa a Ikko.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Jamilatu da yara. Mu nan sai godiya. Inna tana cikin takaba, ta fara ɗan taɓa abinci. Yayarka Hadijatu ta koma ɗakinta a Mawashi bayan sadakar bakwai. Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙurin rashinsa.

Takardarka ta iso, kuma wallahi na ƙaru da ilimi. Ashe ku a Ikko har mutuwa ta waye. Ka ce da an yi rashi sai a buga wa kamfani waya, su zo da baƙar mota, su kai mamaci ɗakin ƙanƙara ya jira danginsa, sannan a sa shi cikin akwati mai hannun tagulla. Madalla da wannan tsari! Na karanta wa abokaina a rumfar awon gyaɗa, kowa ya jinjina. Bube mai shanu ma ya tambaya ko kamfanin na karɓar nono, don nasa ba ya kai azahar bai yi tsami ba. Ni abin da ya fi burge ni shi ne mutum ya rasa ubansa, hannunsa bai taɓa ƙasa ba, farar rigarsa tas.

To, ka ce mun yi gaggawa, mun binne Baba kamar ba shi da ɗa a Ikko, don haka ba za ka zo sadakar arba'in ba. Bari in faɗa maka yadda aka yi, amma ka sani ba haƙuri nake ba ka ba.

Ina kasuwa da hantsi labari ya iske ni. Na bar sikeli a hannun maƙwabci na hau keke. Ko da na isa ƙauyenmu Dudunni, kamfaninmu ya riga ni, ba tare da an buga masa waya ba. Liman Modibbo ya sa an ɗora ruwa. Maƙwabta sun bar sussuka sun ɗauko magirbi da sungumi, wasu sun shiga daji saran itacen rufi. Mata sun cika gida wurin Inna. Ba wanda ya tambaye ni komai, sai dai in zo in riƙe buta a yi wa ubana wanka, na kuwa riƙe. Kafin la'asar mun sallace shi mun kai shi. Ƙanƙara kuwa, wadda muka sani a Dudunni ita ce mai faɗowa da damina ta farfasa mana gero.

Ka daɗe ba ka gida, shi ya sa ba ka san wata ɗabi'a da Baba ya ɗauka ba. Ka dai tuna a nan da karan dawa ake auna mamaci, a kai wa masu haƙa kabari. To shi bai bar wa kowa wannan aikin ba. Duk kaka sai ya zaɓi kara miƙaƙƙe, ya kwanta bisa tabarma, ya sa Inna ta karya daidai tsawonsa, ya soke shi a jinkar zaure. Inna na faɗa, shi yana dariya. Bana da ya gwada sabon karan da na bara ya ga ya rage tsawo, sai ya ce ai sauƙi yake yi wa masu haƙa. A ranar ya ja mani kunne, ya ce in ta Allah ta kasance kada a bar shi ya kwana, ko wa ake jira. Na tambaye shi ko da kai ne, ya ce Dawuda ya san hanyar maƙabarta, ya same shi can. Mutumin da ya auna kansa da kansa don kada ya ɓata wa jama'a lokaci, shi kake so in ajiye har jirginku ya ga dama ya iso Kano? Gobe ma aka maimaita, haka zan yi.

Saura abu guda. Da aka gama rufi, Liman ya nemi karan a ɗora bisa kabari kamar yadda aka saba, aka nema aka rasa. Ashe Inna ta sa an karɓo shi daga masu haƙa. Ta aiko cewa Dawuda bai ga fuskar ubansa ba, to a bar masa ya ga tsawonsa, shi zai ɗora da hannunsa. Liman ya share ido. Yanzu karan na ɗakinta, kullum sai ta kakkaɓe shi saboda gara. Ban karanta mata inda ka ce ba ka zuwa ba, kuma ba zan karanta ba. In ka tsaya a kan bakanka, ka zo ka faɗa mata da kanka. Kara dai ka san ba shi da ɗakin ƙanƙara.

Inna na gaishe ka, ta ce a shafa mata kan yara. Hadijatu da maigidanta, da Ma'u uwar ɗiyana, da Liman, duk suna gaisuwa. Ka gaida Jamilatu da kyau.

Ni ne wanka Sada, mai sauran tambaya ɗaya, tunda ka fi ni sanin birni: ran da taka ta zo a Ikko, Allah ya nisanta, bayan kamfani ya iso da baƙar motarsa, wa zai riƙe butar?