Kada Kowa Ya Sha Ruwan Gorar Nan

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban tagwaye da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan, ya ba ku zaman lafiya a inda kuke. Saƙonki ya iso ta hannun direba, sabulu da zane da 'yar rigar jariri, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Amma kafin ki ci gaba da karatu, don Allah ki tashi ki ɗauke ƙunshin da ya zo tare da takardar nan, ki sa shi inda hannun tagwaye ba zai kai ba. Ba tsaraba ba ce. Gorar ruwa ce, kuma kada kowa ya sha abin da ke cikinta, ko da ɗigo ɗaya. Idan kin ajiye, sai ki dawo ki zauna in yi miki bayani.

Mu nan da sauƙi. Jaririn ya fara haƙori, biyu a ƙasa, duk abin da ya samu sai ya ciza, har kunnen ubansa bai tsira ba. Kin ce in riƙa cin abinci ko ba na so, ina ƙoƙari saboda nono. Yau kwana talatin da shida da rasuwar 'yata Aku. Har yanzu idan na zo rabon abinci sai in ga na jera kwanonta, sai na ɗauki cokali nake tunawa. Ɗakin ya yi shiru, Yaya. Ke kika sa mata sunan nan saboda surutu, kin ce yarinyar da ke gaida ƙadangare ba ta da wani suna sai Aku. Da ina ce mata ta rufa mini baki in ji da kaina. Yanzu ga kaina nan ina ji da shi, ban san abin da zan yi da shi ba.

A waya na ce miki gudawa da amai ne, kwana biyu, an yi mata ƙarin ruwa bai yi ba. Gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba, sauran ba na waya ba ne, don bangonmu ba ya riƙe magana. Sau ɗaya kika zo nan, bari in tuna miki yadda wurin yake. Gidajen manya goma sha biyu suna cikin katanga, suna da rijiyar burtsatse da injin tace ruwa. Mu ma'aikata muna bayan katanga, ɗakuna takwas a jere, ruwanmu na baƙin tankin nan ne da ke kan bulo, wanda motar tanka ke cikawa duk mako. Baban Aku shi ne mai ban ruwan ciyawa da furanni a ciki, safe da yamma, da tataccen ruwan nan, amma dokar wurin ta hana a fito da ko kofi ɗaya ta ƙofar baya. Wata rana Aku ta raka shi da abinci, ta dawo tana ce mini ita idan ta girma ciyawar gida na huɗu za ta zama, don ita ba ta bin layi, ana kawo mata ruwa har inda take kwance. Ranar mun yi dariya har matar mai gadi ta leƙo tana tambayar abin da aka raba ba da ita ba.

To, kamar mako uku kafin yaran layin nan su kwanta ciwo, motar tanka ta daina zuwa. Na tabbata, domin ƙofarmu ce ta farko, ƙararta kan tada jariri. Mota ba ta zuwa, amma tanki bai taɓa bushewa ba. A lokacin ban tsaya na tambayi kaina ba, murna ma muke yi. Sai dai ruwan ya sauya. Idan ya kwana a bokiti sai ka ga kore-kore a gindi, kuma yana wani ƙarni. Matar mai gadi ta riƙa cewa manaja ya tausaya mana ne, ya fara aiko mana da shayi kyauta, saura sukari. Yara huɗu suka kwanta a mako ɗaya. Uku suka tashi.

Abin da ya biyo baya ne ya hana zuciyata kwanciya. Kwana uku da rasuwa sai ga manaja da kansa, mutumin da shekara biyar muna nan bai taɓa taka bayan katanga ba. Ya zo da hankici a hanci, ya yi gaisuwa, ya kawo shinkafa da madara. Na ce Allah ya saka. Sai kuma aka shigo da sababbin jarkoki da bokitai, kowane ɗaki, aka ce kyauta ce, amma a miƙo tsofaffin. Har duron da nake jiƙa wanki suka ɗauka. Na ce wannan ai ba na sha ba ne, manaja ya ce a kawo dai, shi ma za a sauya. Washegari aka kwashe tankin, aka wanke shi da omo har sau biyu, aka shafa masa shuɗin fenti, motar tanka ta zo ta cika shi. Bayan duk an gama wannan ne aka kawo wani mai farar riga, ya ɗebi ruwa a 'yar kwalba, bayan kwana biyu aka tara mu aka ce an gwada, ruwanmu lafiya lau. Manaja ya ce yara ne ke ciye-ciye a hanya, iyaye mata kuma ba sa kula da wanke hannu. Matar mai gadi ta ce masa, ranka ya daɗe, ai da ruwan naka muke wankewa. Mijinta ya harare ta, ta ce ya bar hararta kada idon ya faɗo, ba su da na sayen wani.

Ni karatuna bai yi nisa ba, kin sani, amma na san ba a wanke kwano sannan a kira mutum ya shinshina abin da aka ci a ciki. Kuma sau biyu manaja yana aiko tambaya ko akwai wanda ya rage da tsohon ruwa a wani mazubi, wai don lafiyarmu. Makon jiya kuma aka kawo takarda, aka ce ta godiya ce, kowace uwa ta sa hannu. Sauran sun sa. Ni na karɓa na bi ta da yatsa layi-layi, sai a can ƙasa na ga an rubuta cewa mun yarda ciwon daga waje yaran suka ɗauko shi. Na ce hannuna na ciwo, a ba ni lokaci. Manaja ya dube ni ya yi murmushi, ya ce babu gaggawa, sai dai in tuna ɗakunan nan na ma'aikata ne masu haɗin kai, kuma akwai masu jira da yawa.

Yanzu zan faɗa miki abin da ya fi mini nauyi, kuma ki riƙe shi ke kaɗai, kada Inna ta ji. Ina zargin Baban Aku ya san inda ruwan ya fito. A cikin katanga akwai kududdufin ado da ake zuba kifi, can gangare, inda ruwan wankin motoci da na takin ciyawa ke gangarawa. Baban Aku yana da dogon koren tiyo da ɗan injin jan ruwa da yake kwashe kududdufin da su idan ya cika. A kwanakin nan da mota ba ta zuwa, na sha ganin kan tiyon a rataye bisa katanga daidai saitin tankinmu, da gansakuka a bakinsa. Ban kawo komai a raina ba. Bayan rasuwa tiyon ya ɓace, aka ba shi sabo, da sabon takalmin ruwa, aka kuma ce shi ne shugaban masu lambu, alhali su biyu ne kawai. Takalmin na nan bayan ƙofa, bai taɓa sa shi ba, da tsohon silifas yake fita.

Na tuna kuma wata safiya, tun yaran na lafiya, yana ɗaura agogo ya ce mini in riƙa tafasa ruwan sha, bai faɗi dalili ba. Na tafasa kwana biyu, gas ya ƙare, gawayin da ya rage na girki ne, sai na koma tafasa na jariri kaɗai. Da na kasa haƙuri, ranar nan bayan ya ci abincin rana na tambaye shi wa ke cika tanki lokacin da mota ba ta zuwa. Sai ya ce shi ɗan aike ne, abin da aka ce ya yi shi yake yi, kuma ai ya ce in tafasa. Na ce da me zan tafasa, da yawun bakina? Na ce da ka gaya mini dalili da ƙofar ɗakin nan zan cire in ƙona. Ya tashi ya fita da hularsa a hannu. Yaya, ban san wa zan riƙe ba, shi, ko manaja, ko ni da na zuba mata da hannuna. Wani lokaci in na dube shi sai in ji kamar ban san shi ba. Wani lokaci kuma in gan shi ya tsaya yana kallon takalmanta na makaranta, sai in ga duk duniya babu wanda ya rasa abin da na rasa sai shi.

Gorar da ke wurinki ta Aku ce, ta makaranta, mai ruwan hoda. Safiyar da ciwon ya kama ta na riga na cika mata ita daga tanki, na rataye a ƙusa, sai amai ya fara, ba ta je ba. Na rataya rigar makarantarta a kai, ban ƙara taɓawa ba. Ba wayo na yi ba, kasa zubarwa na yi, kuma masu kwashe jarkoki ba su ɗaga rigar ba. Iya sanina shi ne kaɗai tsohon ruwan da ya rage a duk layin nan. Tunda Baban tagwaye yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ki roƙar mini shi ya duba, ko ya ba wanda ya iya. Ban sani ba ko ruwa yana riƙe abin da ke cikinsa har tsawon wannan lokaci, ya faɗa mini gaskiya ko da babu abin da za a gani. Idan an gani, ina son a rubuta a takarda mai hatimi, don bakina kaɗai ba zai wuce ƙofar baya ba. Ban ba kowa a nan ba saboda mai farar rigar nan a motar manaja ya zo, a motarsa ya koma.

Na san me zai biyo baya. Ranar da takardar ta fito, aiki ya tafi, ɗaki ya tafi, wataƙila ma a ce Baban Aku ne ya yi gaban kansa, a ɗora masa komai. Na yi ta juya abin, na ce ko in sa hannu in zauna, tunda ƙin sa hannun ba zai dawo mini da ita ba. Sai ga shi makon nan motar tanka ba ta zo ba, yau kwana tara. Tankin ya kusa ƙasa, kuma jaririn nan watanni kaɗan suka rage a yaye shi ya koma shan abin da kowa ke sha. Ɗakunan nan takwas yara goma sha ɗaya ne a ciki. Shi ya sa nake tambayar ki, ba don in ɗora miki nauyi ba, ɗan ɗakin nan naku na ajiyar kaya, idan an kore mu, zai ɗauke mu na ɗan lokaci? Ina wanki, ina guga, ba zan zauna hannu sake ba. Ki yi shawara da maigidanki, idan ba hali ki faɗa mini kai tsaye, ba zan riƙe ki ba.

Ban gaya wa Baban Aku zan aiko da gorar ba, don ina tsoron kada ta bi tiyo. Yau da safe, ina zaton ya fita, na sauko da ita ina naɗewa a zane, sai murfin ya riƙa ɗiga. Ashe ya dawo ɗaukar almakashinsa, yana tsaye a ƙofa. Na ƙanƙame ta a ƙirji, na ce sai dai ya haɗa da hannuna. Ya tambayi inda za ta, na faɗa masa. Ya miƙo hannu, na daɗe ban ba shi ba. Da na ba shi, sai ya zauna a bakin gado, ya ciro baƙin salatif ɗin da yake ɗaure tiyo da shi, ya naɗe murfin sosai, ya kifa gorar ya girgiza ya ga ba ta ɗiga, sannan ya miƙo mini. Abin da ya ce kawai, in ce wa direba kada ya sa ta kusa da injin mota, zafi zai ɓata ta. Salatif ɗin da kika gani, nasa ne.

Ki gaida Baban tagwaye, ki ce ina ba shi haƙurin wahala. Ki gaida tagwaye da autarki, ki shafa mini kansu. Idan kin yi waya da Inna ki ce muna lafiya, ki gaida Kawu da Goggo, na ji saƙon gaisuwarsu, Allah ya ba da lada. Matar mai gadi tana gaishe ki, ta ce har yanzu tana jiran mayafin da kika ce ya fi kyau a kanta.

Abu ɗaya na ƙarshe. Idan an gama da ruwan, a dawo mini da gorar, kada a jefar. A cire salatif ɗin a hankali, don akwai shatin haƙoranta a jikin murfin, da baki take buɗewa duk faɗan da nake yi.

Ƙanwarki,
Maman Aku