Naman Dage

Litinin, 6 ga Mayu 1974
An kawo dage gidan namun dajinmu. Wani makiyayi ne ya kama shi a bakin rijiyar da ta ƙafe. Ni aka ba kiwonsa. Mushe Issoufou (wato Malam Issoufou da Faransanci), likitan dabbobi, ya miƙo mini takarda in rubuta sunansa na masana a allon keji: Mellivora capensis. Wai mai cin zuma ke nan. Na ce, "Mushe, zuma a bana?" Bai yi dariya ba.

Alhamis, 9 ga Mayu
Dage ya ciji ƙarfen keji har bakinsa ya yi jini. Ɗan mitsitsi, amma ba ya tsoron kowa. Ya shiga raina.

Asabar, 18 ga Mayu
Ƙanwata Ramatou ta iso daga Filinge a bayan kamyo, babbar motar kaya, da 'yarta Kadi. Shanu sun ƙare saboda fari, mijin ya yi kudu, ba labari. Gashin Kadi ya yi ja, ƙafafu sun kumbura. Ko kuka ba ta yi.

Talata, 21 ga Mayu
Na naɗe rabin naman da ake ba dage a tsumma, na kai gida. Yau kaɗai.

Laraba, 29 ga Mayu
Ba yau kaɗai ba.

Litinin, 10 ga Yuni
Dage ya daina cizon ƙarfe, kwance yake yini. Mushe ya kai ƙara ana satar nama. Tun da sojoji suka karɓi mulki ba a wasa da maganar abinci. Wani soja ya jera mu a rana. "Wa ke riƙe da makullin ɗakin nama?" Tanimu ne. Shi ya samo mini aikin nan. Yana cewa, "Wallahi, ranka ya daɗe, ban taɓa..." suka jefa shi mota. Ko ya dube ni, ban sani ba. Ƙasa nake kallo.

Juma'a, 14 ga Yuni
Kadi ta taka da ƙafarta har bakin ƙofa.

Lahadi, 23 ga Yuni
Dage ya mutu da hantsi. Na ɗaga shi da hannu ɗaya. Mariama matar Tanimu ta zo daga Saga a ƙasa, goye da jariri. "Malam Halidu, kai amininsa ne, je ka faɗa musu halinsa." Na ce ban san komai ba. Na ba ta ruwa, na raka ta titi. Da na dawo na ci tuwo, har na nemi ƙari.

Gobe za a mayar da ni kejin kuraye. Namansu ya fi yawa.