Murmushin Wiebke a Gaban Likita

Tromsø, Norway

Zuwa ga ƙanwata Almut,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki Detlef. Ina fatan hawan jininsa ya sauka, Allah ya ƙara masa sauƙi. Ni ina nan ina manna wa mutanen Norway tayil a banɗaki, gwiwoyina sai ƙara suke yi, ban da haka lafiya.

Maganar 'yata Wiebke ce ta sa na ɗauki biro. Kin san tun tana shekara shida, a zauren wasan alkafura na Cottbus, aka koya mata cewa duk yadda ta diro daga siririn katakon nan da suke wasa a kansa, ko da ƙashinta ya tsage, ta ɗaga hannu sama ta yi wa alƙalai murmushi, wai ɓata fuska na rage maki. Da haka ta ci lambar tagulla a gasar ƙasa. Daga baya aka yi ta tafiya da ita manyan gasa a matsayin 'yar ko-ta-kwana, tana benci tana riƙe wa wasu rigunan sanyi, ta dawo ba ta taɓa katakon ba. Ba na zagin malamarta, Frau Petzold. Matar ta so ta, kuma ita ma haka aka yi mata. Amma da ƙarfin yarinyar ya ƙare, furanni da kek kawai aka sallame ta da su.

Yanzu bayanta ya lalace. Maƙwabciyarta ta gaya mini a waya cewa da rarrafe take shiga kicin da safe. Ta je asibiti, likita ya danna wurin ya tambaye ta ko da zafi, sai ta miƙe ƙyam, ta yi masa murmushi, ta ce kaɗan ne. Ya rubuta mata tausa da ninƙaya, ya cire ta daga layin tiyata. To me zai yi? Abin da ya gani ya rubuta. Da na yi mata faɗa sai ta yi dariya ta ce, "Tsoho, kai dai ji da gwiwarka." Wai ba ta ma san ta yi murmushin ba.

Ƙarshen watan nan za ta koma asibitin, ga ƙafarta ta hagu ta fara mutuwa, ba ta jin yatsun. An hana ni hutu. Don Allah ki hau jirgin ƙasa daga Görlitz, ki shiga ɗakin likitan tare da ita, ki faɗi abin da bakinta ba zai iya ba. Na san za ta ce kin tsufa kin rikice, kuma fuskarta likitan zai duba, ba taki ba. Duk da haka ki je. Ba ni da wanda zan roƙa sai ke.

Ki gaida Goggo Irmtraud da su Hauke. Kada ki nuna wa Wiebke ni na aike ki.

Yayanki,
Ekkehard