Kurmin da Keziah Take Kwance

Bakin Kogin Nottoway, Virginia
Watan Janairu

Zuwa ga mijin yayata, Littleberry Stovall, a Kentucky.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da 'ya'ya da jikoki. Yaya ƙafar nan da sojan Ingila suka bar maka harsashi a ciki? Ina fata sanyin bana bai tayar da ita ba. Mu nan lafiya lau, sai tsufa.

Tun shekarar da sanyi ya ƙi tafiya, ya kashe mana masara tana tsaye a watan Agusta, ban sake rubuto maka ba. Ka san ni da alƙalami, gara a ba ni gatari. In ka ga layi ya karkace kada ka yi dariya, Berry, kai ma ba ka fi ni da komai ba sai baki.

Maganar kurmin bakin rafi ce ta sa na zauna, inda muka binne matarka Keziah kafin ka tashi, ka ce ka bar mini amanarta. Makon jiya na tarar da bayin maƙwabcina Wyatt Birdsong suna ƙone gefen kurmin don yafa irin taba. Na kore su da sanda. Sai ga Birdsong da kansa, da ladabinsa, ya ce ai kurmin nasa ne, in tambayi ɗana Hartwell.

Ka dai tuna zagayen iyaka. Duk shekara huɗu kotu ta naɗa mutum biyu su bi masu gona itace bayan itace, a sabunta saran alama a jikin itatuwan iyaka, kowa ya ce ya yarda. Iyakar da aka zaga sau uku ba gardama, ta zauna ke nan har abada. Ni da bakina na tsaya wa dokar nan a majalisa, lauyoyi suna dariyar maganata ta mutumin daji, na ce ƙafar maƙwabci ta fi takardarsu gaskiya. Har gobe haka nake cewa.

To, ashe tsohon itacen kusurwa, mai sara uku, guguwa ta kayar da shi ina can Richmond zaman majalisa. Hartwell ne ya wakilce ni. Da suka rasa shi sai suka kama wani babban itace a wannan gefen kurmin, suka yi masa sara uku. Zagaye na biyu ina kwance da zazzaɓi, ya sake zuwa, ya sake yarda. Na uku watan Maris ne.

Kai da ni muna nan ran da aka fara sara itacen gaskiya. Ka je gaban alƙalin garinku ka rantse cewa kusurwa tana ƙetaren kurmin, wajen farin dutse, ka aiko mini da gaggawa. Kada ka yi irin nawar da ka yi mana a fagen yaƙin Guilford, har sai da na dawo na jawo ka.

Ka gai da 'yarka Tabitha da mutanen gida.
Ƙanen matarka,
Drury Tillotson

Watan Fabrairu

Berry,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya sanyi? Har yanzu ban ga amsarka ba, kodayake na san hanyar tsaunuka ba ta biyuwa yanzu.

Na yi da Hartwell har muryata ta dishe. Ya ce Baba ka yi haƙuri, ba zai ja da Birdsong a kan daji ba, shi da ke shirin tashi zuwa Alabama baɗi. Ba ƙarya yake ba, taba ta cinye ƙasar nan. Inda muka yanki ganye ya fi hannuna tsawo, yau jar laka ce da kwazazzabai, ko akuya ta raina wurin. Sabon sassabe kaɗai ke ba da taba, shi ya sa kurmin ya shiga idon Birdsong. Ban ce ɓarawo ne ba. Abin da aka nuna masa ya riƙe.

Na ce to ni zan ƙi yarda ran zagaye. Hartwell ya sunkuyar da kai, ya tuna mini cewa tun ran aurensa na sa hannu na mallaka masa gonar. Ƙin yardar mai gona ake ji. Ni yanzu mai ɗaki ɗaya ne da kujera a bakin murhu.

Ran zaman kotu na sa aka ɗaure mini sirdi na tafi. Da ka ga karɓar da aka yi mini sai ka ce gwamna ne. Suka miƙe tsaye, Kyaftin sannu, Kyaftin ga kujera. Yaran da na ɗauka a kafaɗa ne alƙalan yau. Ɗaya ma ya roƙe ni in ba su labarin ran da sojojin Ingila suka ajiye makamai, na ce ba tatsuniya ta kawo ni ba. Suka saurare ni har ƙarshe, sannan suka ce in kawo shaida, don kututturen ma ya ruɓe. Duk waɗanda suka ga saran itacen gaskiya suna ƙasa, sai ni da kai.

Saura Primus, tsohon bawana da ya bi mu sansani yana jan alfadari. Shi ya riƙe gatarin ran nan, ya kuma kai ni wurin ba kuskure, har da ramin saiwar. Amma ka san kotu ba ta karɓar maganar bawa a kan farar fata. Na faɗa musu sunansa duk da haka. Suka dubi juna, wani ya kawo mini ruwa.

Birdsong ya zo gida ya ce in na nuna masa duwatsun kabari zai sa garma ta kauce musu. Duwatsun rafi ne, Berry, ba rubutu, kai ka ɗora su. Wa zai gane su bayan an kayar da itatuwa an cinna wuta? Bijimin da ke jan garma zai tsaya ya tambaya? Na ce masa ban roƙi sojan sarkin Ingila ba, ba zan roƙe shi ba. Da ya fita na ji da ma na roƙa.

Ka hanzarta, don Allah.
Naka,
Drury

Watan Maris

Mijin yaya,

Ina gaishe ka, ina yi maka fatan sauƙi daga Ubangiji. Wasiƙar Tabitha ta iso. Ta ce tun bara ba ka gane mutane, ita ma sunan uwarta kake kiranta da shi, kana tambaya ko an ba dawaki ruwa. Tabitha, ki karanta masa wannan duk da haka, da ƙarfi, ta kunnen hagu. Ni ba ni da wani da zan gaya wa.

An yi zagayen jiya. Na bi su da sanda, ba wanda ya gayyace ni, ba wanda ya hana ni. Da muka isa itacen ƙarya na rungume shi, na ce ba nan ba ne. Masu zagayen suka cire huluna suka jira har hannuwana suka gaji. Sannan babbansu ya tambayi Hartwell ko ya yarda. Bai dube ni ba ya ce ya yarda. Aka sabunta sara uku a daidai inda ƙirjina ya taɓa.

Birdsong zai shiga da gatura ran Litinin. Ya ba ni izinin kwashe nawa kafin nan, Hartwell kuma ya ce a sa Keziah a bayan lambu kusa da uwarsa, duk da cewa baɗi gidan ma na wani ne. Da hakkinka ne in jira izininka kafin in taɓa matarka. Ba lokaci, kuma ba wanda zai ba ni izinin.

Da yamma na kira Primus na ce ya wasa diga da shebur. Ya ce to. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, hula a hannu. A shekarun da muka yi tare bai taɓa tambayata komai ba sai jiya.

"Maigida, in mun gama da Uwargida Keziah, wa zai tono tawa?"

Matarsa tana can ƙasan kurmin, wajen ruwa, inda ake sa bayi, da 'ya'yansu biyu da ciwon maƙogwaro ya ɗauke. Su ko dutse ba su da shi. Na je wa Hartwell da maganar, ya ce ba katako, ba hannu, lokacin shuka ne, kuma in an fara tono na bayi ina za a tsaya? Kaburburan sun fi ƙarfin tsofaffi biyu, wannan gaskiya ne. Wasu ma ni na manta sunansu, ni da nake cika baki ban manta komai.

Akwai katakon da na ajiye a rufin rumbu na akwatin gawata, ya bushe sarai. Na sa an sauko da shi, na auna. In aka yi ƙanana zai ba da biyu, ƙashi ba ya cin wuri. Ni in lokacina ya yi su naɗe ni a bargo, haka muka binne waɗanda suka fi ni a sansani.

Ban san ko bayana zai kai ba. Primus ma ya girme ni. Gobe da asuba zan ɗaura wa alfadari amalanke, mu gangara rafi mu biyu. Za mu fara da Keziah tunda na san wurinta, sannan in riƙe masa shebur ya nuna mini inda tasa take.

Allah ya ba ka kwana lafiya, Berry.
Ƙanen matarka,
Drury Tillotson