Azumin Mati a Hanyar Gwanja

Daga ɗanki Maitama a Salaga, ƙasar Gwanja, zuwa ga Gwaggo Hansai a Gozaki. Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya Baba da ciwon ƙafarsa? An shigar da dawa rumbu? Ni lafiyata lau, mun samu goro mai kyau, sai dai abinci ne har yanzu ba ya shiga.

Gwaggo, ƙanena Mati ya riga mu gidan gaskiya. Azumi ya riske mu a hanya, zazzaɓi ya kwantar da shi. Madugu da kansa ya ce ya sha ruwa, Allah ya yi wa matafiyi da majiyyaci sauƙi. Mati ya ƙi. Na kai masa kunu har baki, ya kau da kai yana hawaye, wai Allah na kallonsa, ba zai ƙyale shi ba. Kin san a hannun Baba ya tashi, da bulala aka koya masa sanin Ubangiji. Ni da kika goya, kin nuna mini Ubangijin da ya fi uwa tausayi. Na faɗa masa haka, ya ce, "Yaya, ni ban san shi haka ba." Rana ta shida da kwanciyarsa muka binne shi a gindin wata kaɗanya.

Ki gaya wa Baba a hankali, ban da zancen kunun. Roƙona ɗaya: ki ɗauki Barakatu 'yar Mati ki riƙe, ta san Allah a bakinki.

Allah ya jiƙan Mati, ya tarbe shi da rahamar da bai taɓa sa rai da ita ba.